Yadda ake kula da ruwan kunkuru mai jan kunne, daga wanda ya taɓa yin shirme

Ranar da na sayi nawa gaba ɗayansa bai cika tafin hannun yaro ba, kore shar da shi, ga jan zane a bayan idonsa kamar an ɗiga masa lalle, mai sayarwar ya haɗa min da wata ƴar roba mai tudu a tsakiya da bishiyar roba a kai, yace min ai wannan dabba ba ta da wahala, ka zuba masa ruwa ka jefa masa abinci, in ruwan ya fara wari ka canza, shikenan. Ni kuma na yarda. Wata huɗu yana cikin robar nan yana cin abinci yana motsi ina ta jin daɗi wai na iya kiwo, sai wata safiya na leƙa na ga idanunsa sun kumbura sun rufe, na jefa abinci ko kallo bai yi ba don ba ya ma gani, na ɗaga shi na taɓa bayansa naji ya yi laushi kamar ana danna kwali. Likitan dabbobin da na kai masa bai fara da duba kunkurun ba, tambayata ya fara yi, lita nawa ne ruwan, zafinsa nawa, akwai filta mai tace ruwa, akwai fitila. Ko ɗaya ban da amsa.

Matsalar kunkuru kenan, yana da taurin rai. Kifi in ruwa ya ɓaci kwana biyu zaka gan shi ya juya ciki sama, ka san ka yi kuskure nan take. Shi kuwa wannan sai ya yi watanni yana shan wahala shiru, ba kuka ba ƙorafi, lokacin da zaka ga alama a jikinsa abun ya riga ya yi nisa. Shi yasa mutane da yawa suke rantsuwa cewa nasu na cikin ƙaramin baho kuma lafiyarsa ƙalau, toh bai mutu ba ne dai tukunna.

Turawa na ce masa red-eared slider, masana kuma Trachemys scripta elegans. Asalinsa kwarin kogin Misisipi ne da kudancin Amurka har zuwa arewa maso gabashin Meziko, yana zama a tafkuna da fadamu da kogunan da ruwansu baya gudu sosai. Wancan suna na slider daga halinsa ya samo, yana kwance kan icce yana shan hantsi da ya ji motsi sai ya sulale ya faɗa ruwa tsulum. Kar ka haɗa shi da kunkurun tudu, wannan a ruwa yake ci, a ruwa yake barci, a ruwa yake kashi, kuma daga ruwan nan dai yake sha. Abincin ma ba ya iya haɗiya sai a cikin ruwa, ko a tudu ya ɗauka zaka ga ya ja shi ya koma ruwa kafin ya haɗiye. Kaga kenan tankin nan shi ne ɗakinsa shi ne kwanon cin abincinsa shi ne masansa, duk a wuri ɗaya.

Lita nawa yake buƙata

Nan ne mutane ke ja da baya in an faɗa musu gaskiya. Ɗan abun nan da ka saya santimita 3 ko 4 ba haka zai tsaya ba. Namiji na kaiwa wajen santimita 20, mace kuma tana iya kaiwa 30, wato kamar farantin cin abinci, kuma in an kula da su suna yin shekara 20 zuwa 30, wasu ma su wuce. Nawa da nake ta ce masa "shi" ashe mace ce, sai da ta girma na gane, amma bakina ya riga ya saba.

Lissafin da masu kiwo suka saba amfani da shi: ka auna tsayin ƙoƙon bayansa daga gaba zuwa baya a miƙe, kowane inci ɗaya a ba shi galan 10 na Amurka, in ka juya shi zuwa awon mu kusan lita 15 kenan ga kowane santimita. Mai santimita 10 lita 150. Mai 20 lita 300. Babbar mace mai 30 lita 450. Kuma ruwan da ke ciki ake nufi ba abun da aka rubuta a jikin tankin ba, don tankin lita 200 da ka cika rabi lita 100 gare ka.

Shawarata kar ka yi ta sayen tanki kaɗan kaɗan, yau ƙarami gobe matsakaici jibi babba, asarar kuɗi ce kawai, ni sau uku na yi hakan kafin na yi hankali. Ka sayi babba tun farko. Kuma ba dole sai na gilashi ba, kunkuru bai damu da ado ba, babbar robar nan mai kauri da ake shayar da dabbobi a ciki tana yi sarai, ta ma fi sauƙin wankewa kuma ba ta fashewa, illarta kawai daga sama zaka riƙa kallonsa. Faɗi da tsayi sun fi muhimmanci akan dogon tanki siriri. Ka kuma tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 300 kilo 300 kenan banda nauyin tankin da duwatsu, kar ka ɗora akan teburin da ko mutum biyu ba zai ɗauka ba.

In kana tunanin haɗa biyu don wai kar ya yi kaɗaici, ka bari. Ba sa kewar juna. Babba zai riƙa danne ƙarami a wurin abinci da wurin shan hantsi, namiji zai addabi mace, wani lokaci har cizon wutsiya da ƙafa, ga kashi ya ninka.

Zurfi kuma aƙalla ya kai tsayin ƙoƙonsa sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Dalilin da yasa ake cewa haka, in ya kifa ta baya a cikin ruwa mara zurfi ba zai iya juyowa ba, kansa kuma na cikin ruwa, toh da huhu yake numfashi kamar ni da kai, sai ya nutse a ruwan da bai kai idon sawu ba. Mutane na mamaki in an ce kunkurun ruwa na nutsewa, wallahi yana yi. Haka in ka jera duwatsu ko icce ka bar wani rami da zai cusa kansa ya maƙale a ƙasan ruwa. Duk abun da ka sa a tanki ka tambayi kanka, in ya shiga nan zai fito? In ya tura wannan dutsen zai faɗo masa? Suna da ƙarfi fiye da yadda kake zato. Ƴan ƙanana kuma a sa musu wani abu da zasu dafa su huta kusa da saman ruwa, ko ciyawar roba ma ta isa.

Tsakuwa ƙanana kar ka zuba, haɗiye su yake yi su toshe masa hanji. Ko dai duwatsun da suka fi kansa girma, ko ka bar ƙasan tankin haka nan ba komai. Ni haka nan na bar nawa, bai da kyan gani sosai amma duk kashin da ya yi ina ganinsa in zuƙe shi.

Filta, da abun da ke faruwa a cikinta

Wannan ne ɓangaren da na fi daɗewa ban fahimta ba, kuma da na fahimce shi komai ya zo da sauƙi. Da can a tunanina aikin filta ta tace datti ruwa ya yi haske, in ruwa ya yi garai garai toh lafiya lau. Ashe abun da ke cutar da shi ba a ganinsa da ido. Kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe suna sakin amoniya, ita ce ke ƙona masa ido da fata, kuma ruwa na iya zama fes kamar na sha alhali amoniya ta cika shi.

Abun da ke cire ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soso da ƴan duwatsun da ke cikin filta. Rukuni na farko su cinye amoniya su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sai rukuni na biyu su cinye naitirait su mayar da ita naitiret, ita wannan da sauƙi sai ta taru da yawa take zama matsala, kuma kai ne zaka rage ta da canjin ruwa. Bakteriyan nan ba sa zuwa rana ɗaya, sabon tanki yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. A tsakanin nan zaka iya ganin ruwan ya yi fari fari kamar an ɗiga madara, hankalin mutum sai ya tashi ya kwashe ruwan duka ya wanke komai tas, ya koma farko bai sani ba, bayan kwana uku ruwan ya sake yin fari ya sake wankewa, haka zai ta zagaye. Na yi wannan kusan wata biyu ina zagin filtar wai jabu aka sayar min. Ka ƙyale shi, ka riƙa canza kaɗan kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku, zai washe da kansa.

Wajen sayen filta kar ka bi abun da aka rubuta a kwali kai tsaye, don lissafin kifi aka yi, kunkuru kuwa kashinsa ya ninka na kifi nesa ba kusa ba. Ka nemi wadda aka rubuta tana ɗaukar ninki biyu ko uku na ruwanka, tankin lita 200 filtar lita 400 zuwa 600. Wadda ta fi dacewa ita ce mai kama da bokiti rufaffe da ake ajiyewa a ƙasan tanki, tiyo ɗaya na jawo ruwa ɗaya na mayarwa, tana da wurin zuba soso da yawa kuma kunkurun ba zai kai gare ta ya tumɓuke ta ba. Ƴan ƙananan da ake mannawa a jikin gilashi daga ciki kwana uku sun toshe, araha ba ta ado. Bakin tiyon da ke zuƙo ruwa ya kasance da raga, kar ya kama ƙafar ɗan ƙarami.

Filta ba a kashe ta da dare, bakteriyan na buƙatar ruwa ya riƙa ratsa su yana kawo musu iska. In wuta ta ɗauke na awa ɗaya ko biyu ba komai, in kuwa ta kwana ta wuni a kashe kar ka kunna ta kawai ta juye ruɓaɓɓen ruwan cikinta a tanki, ka buɗe ka zubar da shi ka ɗauraye tukunna, warin da zai buge ka ma zai gaya maka dalili.

Wankinta kuma, dan Allah ka riƙe wannan: ba a wanke soson filta da ruwan famfo, ba a sa sabulu, ba a sa ruwan zafi. Ka ɗebi ruwan tankin a bokiti ka matse soson a ciki sau uku huɗu har dunƙulen dattin ya fita, ka mayar da shi da launinsa na ƙasa ƙasa. In ya koma fari tas kamar sabo toh ka kashe ma'aikatanka. Sau ɗaya a wata yakan isa, ko in kaga ruwan da take fitarwa ya rage ƙarfi. In soso ya tsufa ya fara marmashewa ka canza rabi yanzu rabi bayan wasu makonni.

Ka sayi kayan gwajin ruwa, irin na masu kiwon kifi, mai ɗigawa a ƴar kwalba ya fi na takarda faɗin gaskiya. Amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da 40 a ma'aunin da ke jikin katin. In ka ga na farko ko na biyu sun motsa ka canza ruwa a ranar, sannan ka nemi dalili, ruwa ba ya tsami banza, ko abinci ya yi yawa ko filta ta yi kaɗan ko an wanke ta fiye da kima.

Canjin ruwa

Ga yadda nake yi duk sati, baya ɗaukata fiye da rabin awa. Da farko in zare hita mai ɗumama ruwan da filta daga soket, hita ta huce kamar minti goma, don in ruwa ya sauka ya bar ta a waje tana da zafi tana iya fashewa. Sai in ɗauko tiyon zuƙe ruwa, kai ɗaya a tanki kai ɗaya a bokiti a ƙasa. Kar ka zuƙa da baki, kar ka kuskura, zan zo kan dalili. Ka nutsar da tiyon gaba ɗaya ya cika da ruwa, ka toshe kai ɗaya da yatsa ka sauke shi cikin bokiti ka saki, ruwa zai taho da kansa, ko ka sayi mai ƴar robar matsawa. In bi lungu lungu ina zuƙe kashi da ragowar ganye, musamman ƙarƙashin wurin hawansa inda komai ke taruwa, tawa kuma tana bin tiyon tana kai masa cizo wai abinci ne. In cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in gwaji ya nuna naitiret ta hau in cire rabi. In goge gansakukar gilashi da soso wanda ba ya taɓa sabulu. Sannan in zuba sabon ruwa mai zafi daidai da na ciki, in kunna kaya.

Ba sai ka fitar da kunkurun ba. Ba sai ka kwashe ruwan duka ba matuƙar kana da filta mai aiki. Wanda bai da filta kuwa, gaskiya aiki ne ja a gabansa, kusan kullum ko bayan kwana biyu sai ya canza, kuma da ya gaji na sati ɗaya dabbar ce zata biya.

Wani kuskure da ake yi, ruwa ya ragu saboda tururi sai a ƙara a cika a ce an canza. Ruwa zalla ne ya tashi, dattin na nan ya ma ƙara kauri. Sai ka cire sannan ka zuba.

Ruwan famfo yana yi, amma akwai kulorin a ciki, yana sa masa jan ido kuma yana kashe bakteriyan filta. In kulorin ne zalla, ka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni zai fice da kansa. Amma wasu wuraren kuloramin ake zubawa, wani sinadari ɗan uwan kulorin, shi kuma baya fita da ajiyewa ko sati zai yi, don haka mafi sauƙi ka sayi maganin cire kulorin na tankin kifi ka ɗiga yadda aka rubuta a kwalbar, nan take yake aiki kuma kwalba ɗaya na daɗewa. Ruwan rijiya ko na bohol ba kulorin, sai dai ka gwada shi ko sau ɗaya ne don wani yana zuwa da naitiret ɗinsa tun daga ƙasa.

Zafi, sama da ƙasa

Jikin kunkuru baya haɗa zafin kansa, abun da ruwa ya ba shi da shi yake aiki. Babba digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, jarirai 26 zuwa 28. In ruwa ya yi sanyi sai ya daina cin abinci, wanda ya ci ma baya narkewa, daga nan sai mura ta shiga ta sauka huhu. In ya yi zafi da yawa kuma sai ya ƙi hawa tudu, ruwan ya riƙa saurin ɓaci. Ka sa ma'aunin zafi a cikin ruwan ka riƙa dubawa da safe, kar ka dogara da lambar jikin hita kuma kar ka dogara da yatsanka. In ɗakinka na riƙe ruwan a wannan zafin dare da rana toh ba ka buƙatar hita, ma'auni ne zai faɗa maka. In zaka sa, ka nemi mai rigar roba ko wadda ba gilashi ba, don sai ya bangaje ta da ƙoƙo ya fasa. Wayoyin wuta kuma ka bar su su yi lanƙwasa ƙasa kafin su hau soket, ko ruwa ya bi waya ya ɗiga ƙasa.

Duk da maganar ruwa muke, rabin lafiyarsa na wurin bushewa. Dole ya samu tudun da zai hau gaba ɗayansa ya bushe ƙarau, har cikinsa, da gangare mai kaushi da farcensa zai kama. A saman wurin fitila biyu, ɗaya ta zafi da zata kai wurin digiri 32 zuwa 35, ɗaya ta UVB, wato wani irin haske da ke cikin hasken rana wanda ido baya gani. Tudun ya fi ruwan zafi sosai, in kusan ɗaya suke ba abun da zai ja shi ya fito. Hasken UVB da shi jikinsa ke haɗa bitamin D3, da D3 yake iya amfani da kalsiyam, in babu sai ƙashi da ƙoƙo su yi laushi, abun da ya samu nawa kenan. Gilashi na tare UVB, don haka ajiye tanki a jikin taga bai wadatar ba, sai ma ya dafa maka ruwa ya cika shi da gansakuka, kuma kar a sa murfin gilashi ko roba tsakanin fitilar da shi. Ƙwan UVB na ci gaba da haske bayan ƙarfinsa ya ƙare, ana canza shi duk wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa, ni rubuta ranar da na sa nake yi da alƙalamin maka a jikinsa. A kunna awa 10 zuwa 12, da dare a kashe. Wanda ke da halin fitar da shi rana ta gaske ya fi kowace fitila, amma da inuwar da zai gudu, ba a cikin gilashi ba, kuma kana tsaye a wurin.

In ka gan shi a kan tudu ya miƙe ƙafafun baya zaƙo zaƙo ya buɗe yatsu ya ɗaga wuya ya lumshe ido, ka gyara daidai. Ka dai lura da tsayin bangon tanki daga tudun, gwanayen hawa ne, na taɓa tsintar tawa a bayan firij.

Abinci ba zan daɗe a kai ba sai inda ya shafi ruwa. Yawancin ruwan da ke saurin ɓaci yawan ciyarwa ne, don kunkuru maroƙi ne, da ya hango ka zai fara fantsama ruwa kamar ya shekara bai ci ba, ƙarya yake. Ƙwayoyin abincinsu na kanti daidai girman kansa ya isa, ƙarami kullum, babba bayan kwana biyu ko uku. Suna ƙanana sun fi son nama nama, suna girma ganye ya kamata ya fi yawa, koren ganye mai duhu. Abun da bai ci ba cikin minti 15 ka kwashe da ƴar raga. Wasu na ciyar da shi a wata roba daban da ruwan tankin a ciki sannan su mayar da shi, yana rage datti sosai, in naka baya tsorata da ɗauka ka gwada, tawa ƙin ci take yi sai na haƙura.

Alamun da zasu nuna maka akwai matsala: ido a kumbure ko a rufe, yawanci ƙazamin ruwa ne ko ƙarancin bitamin A. Fari ko rami a ƙoƙo mai laushi da wari, ruɓewar ƙoƙo ce, daga datti da rashin bushewa. In yana iyo a karkace gefe ɗaya sama, ko ya kasa nutsewa, ko kumfa na fita a hanci yana buɗe baki yana numfashi, huhu ne, wannan ba na jira bane kuma ba na maganin gida bane, likitan dabbobi kai tsaye, in da hali wanda ya saba da masu rarrafe. Amma in ka ga siraran ɓawo na ɗagowa daga ƙoƙon kamar farce kuma ƙarƙashinsa lafiyayye ne mai tauri, saɓa yake yi, kar ka ɓamɓare masa. Mace kuma tana yin ƙwai ko ba namiji, in ta fara ƙin abinci tana haƙilon fita tana tono da ƙafar baya ka haɗa mata akwati da ƙasa mai laima mai zurfi ta haƙa ta zuba, in ta riƙe ƙwan a ciki yana iya kashe ta.

Maganar zuƙar tiyo da baki da nace zan dawo. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar cuta mai suna salmonela a hanjinsa ko da lafiyarsa lau, shi ba ta yi masa komai, mutum kuwa zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, ga ƙananan yara har kwanciya asibiti. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba tun 1975, don yara na sa su a baki. Ruwan tankin duk tana ciki. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi ko ruwansa, bokiti da soso da tiyo nasa daban, kar a wanke kayansa a inda ake wanke kwanuka, ruwan da ka cire ka zuba a masai ko gindin fulawa. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5 ko tsoho ko mai raunin garkuwar jiki, hukumomin lafiya na Amurka cewa suke a haƙura da kiwonsa ma gaba ɗaya. In kunne ya ji jiki ya tsira.

In kuma ka karanta duk wannan kaga ba zaka iya ba, ko ya girma ya fi ƙarfinka, kar ka ɗauke shi ka kai tafki ko kogi wai ka ba shi ƴanci. Haka mutane suka yi ta yi a ƙasashe da dama har ya shiga jerin dabbobi da tsirrai 100 mafi ɓarna in sun shiga inda ba nasu ba, yana ƙwace wa kunkurun asalin wurin abinci da wurin shan hantsi. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997, a 2016 ta ƙara tsaurara dokar har da sayarwa da hayayyafa shi. Japan ma daga watan Yunin 2023 wanda ke da shi a gida zai iya ci gaba da riƙewa amma sayarwa ko saki laifi ne. Ka duba dokar inda kake, sannan ka nemi wanda zai karɓa, kuma kafin ka miƙa masa ka tambaye shi lita nawa ne tankinsa.